Agola, ɗan riƙo da bazawara: suna cikin gida, ba sa cikin takarda

Hajiya mai sulhun aure, Rigasa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ku ɗauki layi ɗaya a Rigasa ko Tudun Wada a nan Kaduna ku ƙirga gidajen. Za ku tarar da gidan gado mai sassa biyar, da mai mata biyu kowace a unguwarta, da bazawara ita da 'ya'yanta, da kaka mai riƙon jikoki, da magidancin da ya auri mace ta zo da agola biyu. Duk wannan iyali ne. Amma bakin mutane da fom ɗin hukuma iri ɗaya kawai suka sani: miji, mata, 'ya'yan cikinsu. Sauran sai gori. Ina so masana su faɗa mana a fili, ina matsayin agola da ɗan riƙo da 'ya'yan bazawara, kuma a wace gaɓa ake cutar da su.

Dattijo, Unguwar Sarki:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan hoton na miji da mata da 'ya'ya huɗu baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalin gida gandu ne. Uba da 'ya'yansa maza masu aure suna noma gona ɗaya, ana ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da gayaunarsa da yake yi wa aiki da yamma. Mai gida ke biyan harajin kowa, shi ke yi wa saurayi auren fari. A irin wannan gida yaro ba ya rasa uwa. Ɗan fari ma kunyarsa ake ji, sau da yawa da an yaye shi kaka ko goggo ke ɗauka. Matar da ba ta haihu ba 'yan'uwa ke ba ta ɗa. Tarihin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, shaida ne: ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙo ta aurar. Da gandu ya watse, kowa ya koma ciki da falo na haya, sai riƙo ya zama nauyin mutum ɗaya. Daga nan ƙyashi ya shigo.

Malamar firamare, Kakuri:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma kar mu wanke zamanin da tas. Karin maganar nan ta tsintacciyar mage ba ta mage ai ba jiya aka ƙirƙire ta ba. Kalmar juya da ake jifan mace da ita ma tsohuwa ce.

Dattijo, Unguwar Sarki:
Gaskiyarki, 'yata. Gori ya daɗe. Bambancin shi ne a da yaron yana da tukunya goma da zai ci, yanzu ɗaya ce.

Malamin fikihu, Tudun Wada:
Bari mu fara da riƙon yaro bayan rabuwar aure, wato hadana, don nan ne aka fi take hukunci da sunan al'ada. Abin da aka saba shi ne da an yaye yaro uba ya aiko a ɗauko shi, wai ɗa na uba ne. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ba haka ba ne. Risala ta faɗa ƙarara: riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta yi aure, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Dangin uwa ake fara bi kafin a waiwayi na uba.

Akwai sharuɗɗa da ya kamata a sani. Auren uwa yana zubar da haƙƙinta ne in mijin bare ne ga yaron kuma ta tare. In baffan yaron ta aura, haƙƙinta na nan. In wanda riƙo zai koma wa ya san ta yi aure ya yi shiru har shekara ba tare da uzuri ba, ya makara. Haƙƙin uwar na nan kuma in jariri ya ƙi kama nonon kowa sai nata. Sai batun tafiya: in uba zai ƙaura gaba ɗaya zuwa gari mai nisan baridi shida, wato mil 72, sama da kilomita 100, yana da damar tafiya da yaron, sai dai in uwar za ta bi su. Ku auna da kanku. Kaduna zuwa Zariya bai kai ba, Kaduna zuwa Kano ya wuce. Kuma ƙaura ake nufi, ba zuwa cin kasuwa ko kwas na wata uku ba.

Duk inda yaron yake, ci da sha da sutura da magani a kan ubansa suke. Mijin uwa ba a wajabta masa ko ƙwayar shinkafa ba. Wanda ya ciyar da agola sadaka ya yi, kuma lada ce babba.

Tsohon magatakardan kotu, Kabala:
Malam ya faɗi hukunci, ni in faɗi yadda ake samunsa. Uwa ta je kotun shari'ar Musulunci ta yankin da uban yake zaune, ta shigar da ƙara biyu a tare, ta riƙo da ta ciyarwa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a nemi ɗaya a bar ɗaya, sai a sake sabon zarya. Ta tafi da takardar saki in akwai, in babu to shaidu biyu, da takardun haihuwar yara, da rasit na kuɗin makaranta da na asibiti. Alƙali da rasit yake yanka kuɗi, ba da kuka ba. Ta roƙi a rubuta adadi, da ranar wata da za a biya, da hanyar biya, ko ta asusun banki ko ta hannun kotu. Hukuncin da ya ce kawai uba ya riƙa kula da yaransa ba ya aiwatuwa, don ba abin da za a ce ya saɓa. A ware kuɗin makaranta da na magani daban da na abinci. Ta kuma karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. In farashi ya tashi tana iya komawa neman ƙari. Wanda bai gamsu ba yana da hanyar ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, amma akwai wa'adi, kar a je gida a kwanta.

Dattijo, Unguwar Sarki:
Alhaji, ni fa kotu ba ta kwanta mini ba. Ranar da aka kai uban yaro gaban alƙali, ranar aka binne zumunci. Yaron nan gobe wurin baffanninsa zai je neman aure.

Hajiya mai sulhun aure, Rigasa:
Baba, a gafarce ni. Sulhu ne farko, ba musu. Ana kiran waliyyan ɓangare biyu, a sa mai unguwa ko liman a tsakiya, a zauna sau biyu ko uku. Amma sulhun baki shi ke kashe mata. A rubuta abin da aka yarda, kowa ya sa hannu da shaidu, a kai kotu ta mayar da shi hukuncin sulhu. Ba a yi faɗa ba, kuma an ɗaure magana. Zumuncin da sai yaro ya kwana da yunwa yake tsayawa, wa ya amfana?

Dillalin gidaje, Unguwar Dosa:
Tunda an zo kan zawarawa, bari in faɗi abin da kowa ya sani. Masu gida da yawa sharaɗinsu na farko shi ne ba a ba mace marar miji haya. Ba ƙiyayya ba ce kullum. Tsoronsu biyu ne: wa zai biya in shekara ta zagayo, da kuma surutun maƙwabta cewa an mayar da gida na masu zaman kansu.

Malamar firamare, Kakuri:
Ka ji kalmar da kanka. Mace ta kama ɗaki da marayunta huɗu, tana sayar da ƙosai, a ce tana zaman kanta. Tuzuru ya kama shago ya kwana ciki shekara goma ba mai tambaya. A Kakuri da Makera, tun da masaƙu suka durƙushe, masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, gidaje da yawa da sana'ar mata suka tsaya. Su ne masu biyan hayar.

Dillalin gidaje, Unguwar Dosa:
Ban musa ba, Malama. Mafita a aikace ita ce ta zo da yayanta ko kawunta ya tsaya mata, a gabatar da ita ga mai unguwa. Amma ga inda ake faɗawa rami: sai a rubuta yarjejeniya da rasit da sunan namijin. Ranar da suka saɓa, ko ya rasu, ba ta da hujjar cewa ita ce 'yar haya. Sunanta a kan yarjejeniya, nasa a layin mai tsayawa. Ta biya ta banki don a sami shaida.

Malamin fikihu, Tudun Wada:
A ƙara da wannan. Korar mace daga ɗakinta ranar da aka sake ta saɓa wa Alƙur'ani ne, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana. Mai saki ɗaya ko biyu tana da wurin zama da ciyarwa har ta gama idda, kuma in ɗayansu ya rasu a ciki suna gadon juna. Mai takaba tana zaune a gidan wata huɗu da kwana goma in gidan na mijin ne ko ya riga ya biya haya. Da ana bin wannan, da rabin masu yawon neman ɗaki da kaya a ka sun sami lokacin shiri.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Kawo:
Ni matsalar suna ce ta fi damuna, don a hankali take cin yaro. Uwa ta yi sabon aure, don kar a yi wa yaro gorin agola sai a sa shi firamare da sunan mijinta. Takardar haihuwa kuma tana ɗauke da sunan mahaifi. Shekara goma sha biyu ba abin da ya faru. Sai an zo lambar NIN da rajistar JAMB, sunan da ke sakamakon WAEC ko NECO ya ƙi haɗuwa da na katin ɗan ƙasa. Daga nan sai rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, da neman gyara a ofisoshi biyu ko uku, wani har ya rasa shekarar shiga jami'a. Yaron kuma ya ji asalinsa daga bakin ma'aikacin ofis.

Hanyar kauce wa wannan gajeriya ce. A yi wa jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60, kamar yadda dokar 1992 ta ce. Katin asibiti ba shi ne takardar haihuwa ba, mutane na rikita su. Sunan da aka rubuta a nan, da jerinsa da harafinsa, shi za a bi a makaranta da ko'ina. Muhammad a nan, Mohammed a can, shi kaɗai ya isa ya jawo zarya.

Malamin fikihu, Tudun Wada:
Anti, shari'a ma tana tare da ke. Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu kafin ayar ta sauka. Amma mutane sun riƙe rabin darasin. An hana canza nasaba, ba a hana ƙauna ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙe 'ya'yan Ummu Salama a gidansa. Hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace, na ambaton sunan Allah da ci da dama da cin abin da ke gabanka, ga Umar ɗan Abu Salama aka faɗe shi, agolansa ne, a akushi ɗaya suke ci. To wanda ke ware wa agola kwano a bakin ƙofa, wa yake koyi da shi?

Sai muharramaka. Agola mace ta haramta ga mijin uwarta har abada da zarar ya tare da uwar. Amma ita da 'ya'yansa na wata matar ba muharramai ba ne, aure ya halatta tsakaninsu, don haka in sun tasa a raba musu makwanci. Ɗan riƙo kuwa bare ne in ba dangi na kusa ba ne, sai dai a yi maganin abin da nono. In yaron bai wuce shekara biyu ba, matar gida ta shayar da shi, ko 'yar'uwarta, sai ta zama uwa ko inna gare shi. In mace ce, 'yar'uwar mai gida ta shayar da ita ya zama kawunta, ko matar ɗan'uwansa ya zama baffanta. A wurin Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa ciki ya wadatar. A rubuta wa ya sha nonon wa, don bayan shekara ashirin ba mai tunawa, sai an sa rana a zo ana warware baiko. Nono yana haramta aure, ba ya ba da gado.

Hajiya mai sulhun aure, Rigasa:
Malam, ranar ɗaurin aure fa? Nan ake yawan tashin hankali. Mutum ya riƙe yarinya tun tana goye, ya yi mata kayan ɗaki, sai uban da bai taɓa sayen sabulu ba ya bayyana.

Malamin fikihu, Tudun Wada:
Da ɗaci, Hajiya, amma waliyyi uban ne. Rashin ciyarwa bashi ne a kansa, bai cire shi daga walicci ba. Abin da masu hankali ke yi shi ne a same shi tun kafin a sa rana, ya wakilta mai riƙon a gaban shaidu. In ya ƙi aurar da ita ga wanda ya dace don ƙeta, alƙali yana da ikon aurarwa. In babu uba babu dangin uba, Malikiyya sun ba wanda ya rene ta matsayi a jerin waliyyai.

Barista, Barnawa:
Mu zo kan dukiya, don a nan ne ake gane wa ke cikin gida da gaske. Abu na farko: layin "next of kin" da ake cikewa a fom ɗin banki ko na aiki, wanda mutane ke fassarawa da magaji, ba ya ba kowa gado. Wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki da kamfanin fansho takardar izinin kula da dukiyar mamaci suke nema, wadda ake samu daga sashen gado na Babbar Kotun jiha, ko wasiyyar da kotu ta tabbatar. Mutum ya rubuta sunan agolansa a wannan layi yana zaton ya gama masa gata, alhali bai ba shi ko sisi ba.

Na biyu, tsarin inshorar lafiya na ma'aikatan tarayya an gina shi a kan ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Amarya da ɗa na biyar da agola da tsohuwa duk sai an yi musu rajistar ƙari da kuɗi daban. Wannan kaɗai yana hura wutar 'yan ubanci, don 'ya'yan uwargida ke cike gurbin.

Tsohon magatakardan kotu, Kabala:
Bari in buga misali da lissafi. A ce mutum ya rasu ya bar naira miliyan 24 bayan an cire kuɗin jana'iza da bashi, kuma sadakin da bai biya ba yana cikin bashi. Ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza uku, mata biyu, agola ɗaya, ɗan riƙo ɗaya. Matan suna da tumuni, miliyan 3, kowace miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya sudusi, miliyan 4. Saura miliyan 17 a kasa takwas: kowane namiji 4,250,000, kowace mace 2,125,000. Agola da ɗan riƙo ba ko kwabo, ko da sun shekara talatin a gidan, ko da su suka yi jinya. Haka jikan da ubansa ya riga kakan rasuwa: muddin akwai ɗa namiji a raye, ya kange shi. Da mamacin ya yi wasiyya, yana da damar ba su har sulusi, wato miliyan 8, kuma ba magajin da zai iya hanawa. Sama da sulusi sai da yardar magada.

Malamin fikihu, Tudun Wada:
Lissafin daidai ne, Alhaji. Hanya ta biyu ita ce kyauta tun mutum yana da rai da lafiya, kuma ita ba ta da iyakar sulusi. Amma tana da ƙaya: sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. Kyautar baki, "gidan nan na wane ne", alhali mai gida yana ci gaba da karɓar haya har ya mutu, ta ɓaci, gidan ya koma gado. In gidan da yake zaune ne sai ya fita ya kwashe kayansa shaidu sun gani. Malamanmu har sun ce mace in ta ba mijinta gidan da suke zaune kyauta ta yi, amma miji in ya ba matarsa ya ci gaba da zama ciki ba ta yi ba, domin samar da wurin zama dama a kansa yake. Zawarawa da yawa a kan wannan gaɓar suke rasa gida.

Barista, Barnawa:
A ɓangaren doka kuma, fili mai takardar shaidar mallaka ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna, haka Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Wato a rubuta takardar kyauta, shaidu su sa hannu, kuma zai fi kyau a sami wani daga cikin magada a cikinsu, a kai KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a sauya suna. 'Yan haya a sanar da su a rubuce cewa daga wata kaza ga wanda za su biya. Mutane na jin tsoron wannan kamar kiran mutuwa ne, alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Malamar firamare, Kakuri:
Barista, ba a taɓo gidajen da suka haɗa addini biyu ba. A garin nan ba su da kaɗan. Kafin rikicin 2000 mutane a cakuɗe suke zaune. Bayan shi da na 2002 gari ya rabu, wasu suka tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha da Television, wasu suka dawo Tudun Wada da Rigasa. Yaron da kakarsa ɗaya ke Narayi ɗaya ke Unguwar Shanu, a can a ce masa ɗan Hausawa, a nan a ce masa ɗan arniya. A aji ana ganin yadda irin waɗannan yara ke ɓoye sunan uwa.

Barista, Barnawa:
Abin da zai fi taimakonsu shi ne iyaye su san wane irin aure suka ɗaura, domin shi ke nuna kotun da za ta saurare su. Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, jihar nan tana da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan al'ada a gefen kotunan da aka gada. Auren da aka ɗaura a masallaci na kotun shari'a ne. Na gargajiya, kamar yadda ake yi a kudancin jiha, na kotun al'ada ne. Auren rajista kuwa, wanda ake kafe sanarwa kwana 21 kafin a ɗaura, na mace ɗaya ne, kuma Babbar Kotu kaɗai ke raba shi ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Saki da baki ko da takarda ba ya taɓa shi. Namijin da ya yi auren rajista don neman biza ko don faranta wa surukai, sannan ya ƙaro amarya a masallaci, ya taka Dokar Aure, hukuncin yana kai ɗaurin shekara biyar, kuma ranar rabon gado amaryar ce za ta sha wuya. A bincika kafin a karɓi sadaki.

Malamin fikihu, Tudun Wada:
Musulmi ya auri Kirista ya halatta da nassin Ma'ida aya ta 5, duk da Imamu Malik ya karhanta. Tana da sadaki da ciyarwa da rabon kwana daidai da kishiyarta Musulma. In an rabu tana da haƙƙin riƙon 'ya'yanta, a mazhabarmu Musulunci ba sharaɗi ba ne ga mai riƙo, sai dai a sa ido in ana tsoron wani abu. Abin da babu shi ne gado tsakaninsu. Tunda ba magajiya ba ce, wasiyya ta halatta gare ta har sulusi, kuma abin mamaki sulusin ya fi tumunin da za ta samu da Musulma ce. Mijin da bai rubuta ba shi ya bar ta a titi, ba shari'a ba. Kalmar arniya kuma a daina, Alƙur'ani Ma'abota Littafi ya kira su.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Kawo:
Saura waɗanda ba a son ambata, 'ya'yan gaba da Fatiha da jariran da ake tsinta. Wanda ya tsinci jariri kar ya kai gida ya yi shiru, ko da niyyarsa alheri ce, don gobe ana iya tuhumarsa da satar yaro. A sanar da 'yan sanda a sami rahoto, a kai asibiti, sannan ofishin jin daɗin jama'a. Mai son riƙo ya nema a rubuce, za a zo a duba gida da sana'a, kotu ta ba da izini. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018. Duk wanda ya ce zai samo maka jariri da kuɗi ba ta wannan hanya ba, fataucin yara yake yi, kai ma ka shiga ciki.

Barista, Barnawa:
Sashe na 42(2) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Da sashe na 42 Kotun Ƙoli ta rushe al'adar hana 'ya mace gadon uba a shari'ar Ukeje a 2014. Makaranta ko wurin aiki ba su da ikon ware yaro don ba a san ubansa ba.

Malamin fikihu, Tudun Wada:
Barista, waccan shari'ar a kan al'adar Ibo take. Dukiyar Musulmi da fikihu ake raba ta, kuma a fikihu yaron da aka haifa ba aure yana gadon uwarsa da danginta, ba ya gadon wanda ya yi cikin. Amma laifi ba nasa ba ne, wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Kuma mutane su iya bakinsu: yaron da aka haifa bayan wata shida da aure ɗan mijin ne, mai ƙirga watanni a gidan suna yana wasa da haddin ƙazafi, bulala 80.

Barista, Barnawa:
Ban ce kotun shari'a za ta ba shi gado ba, Malam. Ina cewa mutumin da ya san shi ya jawo yaron duniya, ƙofar wasiyya da ta kyauta a buɗe suke gare shi, tunda yaron ba magaji ba ne.

Malamin fikihu, Tudun Wada:
Wannan kam ba saɓani. Sulusi nasa ne, ya ba wanda ya so.

Dattijo, Unguwar Sarki:
To Alhaji magatakarda, wasiyyar nan da kuke ta faɗa, mutumin da bai yi boko ba yaya zai yi ta? Sai ya ɗauki lauya?

Tsohon magatakardan kotu, Kabala:
Ba dole ba, Baba. Ko da ajami aka rubuta ta yi. A sa kwanan wata, da cikakken sunan mai wasiyya da na wanda aka yi wa, a faɗi abin da aka bayar a fili, kaso kaza na dukiya ko shago mai lamba kaza a wuri kaza, ba "a ba shi wani abu" ba. Shaidu biyu maza adalai waɗanda ba su da rabo a ciki su ji daga bakinsa su sa hannu. A yi kwafi uku, ɗaya a wurinsa, ɗaya wurin liman ko amini, ɗaya a ajiye a kotu. In shaida ɗaya ya rasu a sabunta. In abin da aka ambata gida ne kuma ƙimarsa ta wuce sulusi ranar rabo, za a rage zuwa sulusin, don haka ambaton kaso ya fi ambaton gini aminci. Kuma a yi ta da ƙafafu, don wadda aka yi a gadon asibiti ita magada suka fi ƙalubalanta, su ce ba ya cikin hayyacinsa.